Ƙayyade kuɗin haya a Shabu: kada garin gyaran gira mu rasa ido



A 'yan watannin nan babu ƙorafin da ke zuwa wa shugabannin wannan ƙungiya kamar na kuɗin haya. Wasu daga cikin mambobinmu sun nemi mu rubuta wa Majalisar Dokokin Jihar Nasarawa takarda, mu roƙi a yi dokar da za ta tsayar da kuɗin haya cak a Lafia da kewaye, ta yadda mai gida ko mai fili ba zai ƙara ko kwabo ba. Mun zauna mun duba wannan buƙata, mun kuma ga ya dace mu faɗi matsayarmu kowa ya ji kafin a sa hannu a kowace takarda. Muna goyon bayan a sa wa ƙarin haya linzami. Amma ba ma goyon bayan a daskarar da farashi wuri ɗaya, domin a ganinmu wanda zai fi shan wahalar hakan shi ne talakan da ake son a taimaka wa, sai kuma unguwar da dukanmu muke kwana muna tashi a cikinta.

Ƙorafin dai gaskiya ne, ruwa ba ya tsami banza. Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa, Lafia ta zama babban birni, ma'aikata da 'yan kasuwa suke ta kwararowa. Shabu tana bakin babbar hanyar da ta tashi daga Lafia zuwa Akwanga, duk wanda cikin gari ya yi masa tsada nan yake fara dubawa. Ga Tsangayar Aikin Gona ta Jami'ar Jihar Nasarawa a garinmu, ga babbar kwalejin kimiyya da fasaha a Ombi, sannan a 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Lafia. Ɗalibai na neman ɗaki, malamai na neman gida, ga kuma bayin Allah da rashin zaman lafiya ya raba da ƙauyukansu a kudancin jihar. Masu neman ɗaki sun fi ɗakunan yawa.

A kan wannan cunkoso tsadar rayuwa ta zo ta hau. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023. Buhun simintin da ake saya ƙasa da naira 5,000 a farkon 2023 ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta amince da shi a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma yawancin mutanenmu ba ma'aikatan gwamnati ba ne balle su gan shi. Ɗan haya yana kuka, mai gida ma idan ka zauna da shi zai nuna maka rasit ɗin kwano da na bulo.

Sai dai akwai wani rukuni na 'yan haya da ba a cika kawo maganarsu ba, alhali su ne suka fi kowa rauni. Su ne waɗanda ginin nasu ne, ƙasar kuwa ta wani ce: mai kwantena a bakin titi, mai kes na sayar da kati da cajin waya, mai injin niƙa, mai walda, mai shayi da ya kafa rumfar kwano, da magidancin da ya karɓi hayar fili ya buga bacha ya sa iyalinsa. Wanda yake hayar ɗaki, idan aka matsa masa, zai ɗaure katifarsa ya kira Keke Napep ya yi gaba. Mai kwantena kuwa ya zuba daɓen siminti, ya jawo wuta, ya yi shekaru yana tara masu ciniki da suka san inda yake. Kafin ya tashi sai ya ɗauki hayar mota mai ƙugiya, ya bar daɓensa a baya, ya je ya fara neman kasuwa daga tushe. Mai fili ya san da wannan. Shi ya sa idan ya ninka kuɗi, yawanci biya ake yi ana haɗiyar zuciya.

Wannan matsala ba a Shabu aka fara ganinta ba. A Amurka akwai mutane kimanin miliyan 20 da ke zaune a gidajen da ake ƙerawa a masana'anta, a jawo su da babbar mota a ajiye. Da yawansu gidan nasu ne, amma hayar filin da aka ajiye shi suke biya wata-wata ga mai unguwar gidajen. Sunan gidajen dai na tafi-da-gidanka ne, amma Kotun Ƙolin Amurka da kanta ta lura cewa a cikin ɗari da ƙyar ake samun ɗaya da ake sake ɗagawa bayan an kafa shi, saboda tsadar jigila. Ka ga halin mai kwantenarmu ke nan, bambancin kawai girman kuɗin.

Garuruwa da dama a jihar Kalifoniya sun yi dokar ƙayyade hayar irin waɗannan filaye. A 1988 mutanen birnin Eskondido suka kaɗa ƙuri'a aka mayar da kuɗin haya yadda yake a 1986, aka kuma ce ba ƙari sai da izinin majalisar birnin. Masu filaye suka garzaya kotu, shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, a 1992 kotun ta ƙi yarda da hujjarsu cewa an ƙwace musu fili. Dokar ta tsaya, kuma ta kare tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi da ke zaune a wurin. Wannan alheri ne da ba za a yi musunsa ba. Amma a cikin shari'ar an tayar da wata magana da ya kamata mu riƙe: da zarar hayar fili ta zama mai arha ta hanyar doka, gidan da ke kan filin sai ya ƙara tsada idan za a sayar, domin mai saye yana biyan kuɗin arhar da zai gada. Wanda dokar ta tarar a zaune ya ci riba. Wanda ya zo daga baya ya biya tun a ƙofa.

Mu a nan mun san irin wannan a kasuwanninmu. Rumfar da hukuma ta yanke wa kuɗi kaɗan a takarda, je ka nema ka ji abin da wanda ya riƙe ta zai ce ka ba shi kafin ya sakar maka. Idan aka daskarar da hayar filayen bakin titin Shabu, abin da zai biyo baya ke nan. Matashin da ya gama koyon walda ko ɗinki yana neman inda zai kafa kansa, za a ce masa haya ba tsada, amma sai ya kawo kuɗin wuri. Wannan kuɗi ba rasit, ba shaida, ba kotun da zai kai ƙara.

Akwai kuma abin da ke faruwa da yawan ɗakunan haya. Masana na Jami'ar Stanford sun bi diddigin abin da ya faru a birnin San Faransisko bayan da aka faɗaɗa dokar ƙayyade haya a 1994 ta shafi ƙananan gidajen da aka gina kafin 1980. Sakamakon da suka wallafa a 2019 ya nuna cewa 'yan hayar da dokar ta shafa sun fi daɗewa a gidajensu, amma masu gidajen sun rage yawan gidajen da suke bayarwa haya da kashi 15 cikin ɗari, wasu suka sayar, wasu suka rushe suka yi wani abu dabam. Hakan ya sa haya a birnin baki ɗaya ta tashi da kimanin kashi 5 cikin ɗari. A Shabu mai fili yana da hanyoyin tserewa fiye da haka. Zai iya sallamar masu kwantena biyar ya sayar wa mai gidan mai. Zai iya mayar da gidan iyali ɗakunan ɗalibai. Zai iya cewa ɗansa zai yi aure, a fita, bayan wata biyu ka ga baƙuwar fuska a ɗakin da sabon farashi.

A gida Najeriya ma an gwada. Legas ta yi dokar ƙayyade haya a 1997, zamanin mulkin soja na Buba Marwa, ba ta hana haya tashi ba. A 2011 jihar ta sake yin wata dokar da ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma duk wanda yake da ɗan uwa a Agege ko Idi-Araba ya tambaye shi yadda ake ciki. A Gana dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma 'yan uwanmu na zango-zangon Akara da Kumasi sun san ana neman na shekara ɗaya har biyu. Dokar da ba ta da mai tsaron ta, kuma ta yi hannun riga da halin da kasuwa ke ciki, ƙarshenta takarda ce a cikin durowa. Mai ƙarfi ya tsallake ta, mai tsoron Allah kaɗai ta ɗaure.

Yanzu mu zo kan muhalli, wanda shi ne ya fi damun mu, domin cutarsa ba ta tambayar waye mai gida waye ɗan haya. Gidan haya yana cin kuɗi kullum. Sokawe na cika a kira mota ta kwashe, kwata na toshewa, murfin rijiya na fashewa, kwano na yoyo. Idan kuɗin da ke shigowa ya tsaya wuri ɗaya shekara da shekaru, kuɗin gyara kuwa yana ninkawa, abin da mai gida zai fara yankewa shi ne gyaran da ba a gani daga waje. Ba zai kwashe masai ba sai ya tumbatsa. Ba zai gyara magudanar ruwa ba. Don ya cike giɓi, sai ya datse tsakar gida ya ƙara ɗaki biyu, mutum talatin su koma amfani da bayi ɗaya. Masana lafiya na ba da shawarar a bar tazarar kimanin mita 30 tsakanin masai da rijiya. A filin da aka cusa ɗakuna har bakin katanga, ina za a samo mita 30? Ba mu manta da annobar amai da gudawa ta 2021 ba, wadda ta kashe dubban mutane a ƙasar nan, mafi yawa a Arewa. Ruwan masai idan ya bi ƙarƙashin ƙasa ya shiga rijiya, ba rijiyar gidan kaɗai yake tsayawa ba.

Waɗanda aka sallama kuma ba ɓacewa suke yi ba. Gefen gari suke komawa, inda fili ke da arha saboda ba hanya, ba kwata, ba wuta. A sare itatuwa, a cinye gonar da ake noma doya da rogo, a kafa bacha a kan hanyar ruwa ko a cikin fadama. Damina a wannan yanki tana da tsawo, daga wajen Afrilu har Oktoba, kuma ambaliyar 2022 da ta hallaka sama da mutum 600 a Najeriya ta taɓa Jihar Nasarawa. Mun ga yadda rusau a Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya tura jama'a Mararaba da Masaka, gine-gine suka riga tsari isa wurin, har yau ana fama da bola da toshewar magudanai. Ba ma fatan Shabu ta bi wannan sawu.

To, sai wani ya ce: ashe ke nan a bar masu gida su yi yadda suka ga dama? A'a. Barin abin sakaka ma yana ɓata muhalli ta wata fuskar. Mutumin da bai san ko zai kai baɗi a wuri ba, ba zai haƙa masai mai kyau ba, ba zai dasa ko darbejiya ɗaya ba, ba zai sa kuɗinsa a gyaran kwata ba. Zai yi ta maneji da buhu da leda, ruwan wanka ya bi titi, baƙin man inji ya bi ƙasa. Zaman ɗar-ɗar shi ke haifar da unguwar bacha. Kuma akwai zalunci na zahiri da dole a kira shi da sunansa: a ninka wa mutum haya da sanarwar mako biyu, ko a jira sai ya zuba daɓe ya jawo wuta sannan a ce ya ƙara ko ya tashi, ko ejan ya karɓi la'ada wajen mai gida ya kuma karɓa wajen ɗan haya. Mai filin da bai sa ko bulo ɗaya a filinsa ba, ba shi da hujjar fakewa da tsadar siminti.

Saboda haka abin da muke ganin ya kamata ƙungiya ta nema shi ne a tsara yadda ake ƙari, a kuma ɗaura ƙarin a kan gyara. Wasu wuraren sun bi wannan hanya. A 2019 jihar Oregon ta Amurka ta yi dokar da ta bar masu gida su yi ƙari sau ɗaya a shekara, amma da iyakar da ba za a wuce ba. Namu ba sai ya zama irin nasu sak ba, domin hauhawar farashinmu ta ninka tasu nesa ba kusa ba. Ga abin da muke ba da shawara.

Na farko, kowace haya ta zama a rubuce, ko ta ɗaki ce ko ta fili, a gaban mai unguwa da shaidu biyu, kuma kowane biya da rasit. A rubuta wa zai kwashe sokawe, wa zai gyara kwata, ina za a zuba shara. Tun ran gini ran zane. Yawancin rigingimun da ake kawo mana, da an rubuta layi biyar tun farko da ba su taso ba.

Na biyu, ƙari sau ɗaya a shekara, da sanarwar wata uku a rubuce. Iyakar ƙarin kuma wani kwamiti ya riƙa yanke ta duk shekara, wanda ya ƙunshi masu gidaje, 'yan haya, wakilin fadar Sangarin Shabu da na ƙaramar hukuma, suna duba farashin kayan gini da kuma abin da ke shiga aljihun jama'a. Iyakar fili tsura ta kasance ƙasa da ta ginannen ɗaki, tunda ɗawainiyarsu ba ɗaya ba ce.

Na uku, gidan da ba shi da bayi mai aiki da hanyar fitar ruwa, babu ƙari sai an gyara. Wanda kuwa ya haƙa burtsatse, ko ya ƙara bayi, ko ya gina kwata, a ba shi damar ƙari na musamman har ya mayar da kuɗinsa. Ta haka mai gyara ne zai ci riba. Ma'aikatan duba-gari da ke fitowa ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata za su iya tabbatar da wannan ba tare da an kafa sabuwar hukuma ba.

Na huɗu, masu kwantena, kes da bacha a ba su yarjejeniya mai tsawo, ta shekara uku zuwa biyar, da sanarwar wata shida kafin a tashe su. Idan mai fili ya buƙaci filinsa kafin wa'adi, ya biya kuɗin daɓe da na jigila. Idan mai kwantena zai sayar, ya sayar da sanin mai fili, a sabunta yarjejeniya a bayyane, don kada kuɗin wuri ya samu ƙofar shigowa.

Na biyar, a ƙarfafa biyan wata-wata ko na wata uku-uku ga mai ƙaramin ƙarfi, a kuma yanke wa ejan la'ada sananniya da za a rubuta a cikin takarda. Sau da yawa abin da ke karya ɗan haya shi ne tara kuɗin shekara a dunƙule, ga na ejan, ga na takarda, duk a rana ɗaya.

Na shida, wanda shi ne maganin asali, a ƙara yawan wuraren zama. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna a matsayin amana. Muna kira ga gwamnatin jiha, da hukumar NAGIS mai kula da takardun filaye, da hukumar raya birane, su yanka sababbin filaye a kewayen Shabu, a fitar da hanya da magudanar ruwa kafin a fara gini, a ware wa masu sana'ar hannu wurinsu, a kuma sauƙaƙa samun takarda. Mu ma akwai namu. A jihar New Hampshire ta Amurka, tun 1984 mazauna irin waɗancan gidaje suka fara haɗa kai suna sayen filin da suke haya, ya zama na ƙungiyarsu. Mu da muka gaji adashi tun kaka da kakanni, me zai hana masu walda goma ko masu kwantena ashirin su haɗa kuɗi su sayi fili ɗaya da sunan ƙungiya? Wanda yake zaune a kan ƙasarsa shi ne zai dasa itace ya jira inuwarsa.

Ga iyayenmu da yayyenmu masu gidaje, mun san wasunku gidan hayar nan shi ne fanshonku, wasu kuma marayu ake ciyarwa da shi. Ba mu zo mu raba ku da haƙƙinku ba. Muna roƙon ku dai ku tuna ɗan hayar da ke biya a kan lokaci, yana share ƙofar gida, yana sa ido a kan dukiyarku, ya fi baƙon da zai biya ninki ya bar muku kango. Ga 'yan uwa 'yan haya, ku ma akwai gyara a wajenku. Wanda ya yi wata takwas bai biya ba yana ɓuya, ko yake zuba shara a kwata da daddare, shi yake ba wa masu tsauri hujja a kan sauran.

A taronmu na wata mai zuwa wannan batu ne zai zo farko. Muna son masu gidaje su zo, masu filaye su zo, masu kwantena da 'yan hayar ɗaki su zo, kowa da rasit ɗinsa ko takardar yarjejeniyarsa idan yana da ita, domin takardar da za mu kai fada da Majalisa ta tsaya a kan abin da ke faruwa a unguwanninmu da gaske. Wanda yake ganin mun kauce a wani wuri, ƙofa a buɗe take, ya zo da hujjarsa a saurare shi.

Allah Ya rufa mana asiri, Ya ba kowa muhallin kansa, Ya zaunar da Shabu da Jihar Nasarawa lafiya.

Sakataren ƙungiya, a madadin shugabanni.